GILASHIN DA AKE DASAWA A CIKIN IDO: ME KE SA YA ZAUNA, ME KE SA YA JUYA?



 Yau darasinmu a kan ido ne, a kan ɗan gilashin nan da likita yake dasawa a cikin ƙwayar ido bayan ya cire yana, musamman irin wanda ake kira torik, mai gyara karkatar gani. Mutanenmu da dama suna sayar da kadara su biya kuɗinsa, wasu a nan gida, wasu sai sun je Masar ko Indiya ko Saudiyya. To akwai abu ɗaya da ya kamata mai biyan kuɗin ya sani tun kafin ya kwanta a gadon tiyata: wannan gilashi yana da layin da dole ya zauna a kai. In ya juya kaɗan, amfaninsa ya ragu. In ya juya da yawa, amfanin ya tafi. Kuma lokacin juyawarsa da lokacin gyaransa duk 'yan makonni ne na farko. Ku karanta a natse.

MECE CE KARKATAR GANI?

A gaban baƙin idonka akwai wata fata mai haske garai-garai kamar gilashin agogo, likitoci suna ce mata koniya. Idan lanƙwasarta daidai take ta kowane ɓangare, kamar bayan ƙwarya, haske yana taruwa wuri guda a can ƙarshen ido, hoto ya fito tas. Idan kuwa ta fi lanƙwasa ta wani gefe, kamar bayan cokali ko jikin ƙwai, hasken ba ya haɗuwa wuri ɗaya. Wannan shi ne astigmatizim, mu a nan za mu ce karkatar gani. Mai ita yana ganin harafi da inuwa a gefensa, fitilar mota da dare tana ja masa jela, jinjirin wata ya zama kamar biyu, kullum sai ya kanne ido kafin ya tantance abu.

Wani masani ɗan Ingila, Thomas Young, shi ya bayyana wannan matsala a shekarar 1801 bayan ya auna idonsa da kansa. A 1825 kuma George Airy, masanin taurari, ya sa aka wasa masa gilashi na musamman da ya gyara masa tasa karkatar.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, karkatar kowane ido tana da nata layi, ana auna shi da digiri daga 0 zuwa 180. Duk mai tabarau irin wannan ya gwada: cire tabaran, rufe ido ɗaya, ka leƙa ta gilashi ɗaya, sannan ka riƙa juya shi a hankali kamar sitiyari. Za ka ga rubutu yana dushewa yana miƙewa. Gilashin bai canza ba, layinsa ne ya kauce. To abin da ke faruwa a cikin ido ke nan idan gilashin dashe ya juya.

YADDA AKE DASA SHI

A bayan baƙin ido akwai gilashin halitta, yana zaune a cikin wata 'yar jaka siririya wadda wasu zarurruka suka riƙe ta ta kowane gefe. Idan wannan gilashi ya yi hazo, shi ne muke cewa yana ta rufe ido. A aikin zamani likita yana huda ƙaramar ƙofa da ba ta kai milimita 3 ba, ya yanke taga zagayayya a fuskar jakar, ya farfasa yanar ya zuƙe ta, ya bar jakar a wurinta. Sai ya tura sabon gilashi a naɗe, ya warware a cikin jakar. Faɗin tsakiyarsa kamar milimita 6 ne, yana da hannuwa biyu masu lanƙwasa da suke tokare bangon jakar.

Zuƙe yana ba sabon tunani ba ne. Ammar bn Ali al-Mausili, likitan ido da ya yi aiki a Masar kimanin shekara dubu da suka wuce, ya ƙera allura mai rami don zuƙo yana mai laushi. Dasa gilashi kuwa Harold Ridley ne ya fara a asibitin St Thomas da ke Landan a 1949. Ya lura cewa matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shiga idonsu, idon bai ƙi robar ba, sai ya yi gilashi da irinta.

Gilashin dashe na gama-gari ƙarfinsa ɗaya ne ta kowane gefe. Ko ya juya a cikin jaka babu abin da zai canza, kamar ka juya faifai a bakin ƙwarya. Amma ba ya gyara karkatar koniya, shi ya sa mutum zai ƙare da tabarau. Kuma masu wannan karkata ba kaɗan ba ne: awon da aka yi wa dubban masu jiran aikin yana a Turai ya nuna kusan ɗaya cikin uku suna da karkata da ta kai dayofta ɗaya ko fiye, wato ma'aunin ƙarfin gilashi.

Don su aka yi gilashin torik. Wani likitan Japan, Kimiya Shimizu, shi ya fito da na farko a 1992. Ƙarfinsa ta wani layi ya fi na wani, kuma akwai 'yan ɗigo-ɗigo a gefensa da likita yake saitawa da layin karkatar idonka. Na farko-farkon sun sha juyawa ƙwarai. Amurka ta amince da wani samfuri a 1998, sai a 2005 aka amince da wani da aka yi da roba mai manne wa jikin jaka. Na yanzu sun fi na da zama nesa ba kusa ba.

LISSAFIN AGOGO

Ga lissafin da likitocin ido suke aiki da shi. Duk digiri ɗaya da gilashin ya kauce daga layinsa, ana asarar kusan kashi 3.3 cikin 100 na gyaran karkatar. Digiri 10, kusan sulusin gyaran ya tafi. Digiri 30, duka ya tafi. In ya wuce 30, gilashin da ka saya don ya rage maka karkata shi zai riƙa ƙara maka ita.

Kar ka ji digiri 30 ka ɗauka wata tafiya ce mai nisa. Ɗaga kai ka dubi agogon bango. Daga 12 zuwa 1 digiri 30 ne cif. Minti ɗaya a fuskar agogo digiri 6 ne. Wato juyawar da ba ta kai minti biyu ba ta isa ta cinye sulusin abin da ka biya. Ka gane? Kuma gwargwadon ƙarfin gilashin, gwargwadon yadda za ka ji kaucewar a ganinka.

Saboda haka ne ake sa wa ido alama kana zaune a miƙe kafin ka kwanta, ko a ɗauki hoton jijiyoyin farin ido da na'ura. Domin idan mutum ya kwanta rigingine, ƙwayar idonsa tana ɗan murɗawa da 'yan digiri. In an ce ka zauna ka kalli gaba kar ka karkata kai, to ka ba da haɗin kai, rabin aikin ke nan.

YAUSHE YAKE JUYAWA, KUMA DON ME?

Bincike ya nuna mafi yawan juyawar tana faruwa ne da wuri, babban kasonta ma a cikin awa ta farko bayan aiki, sauran a kwanakin farko. Dalili kuwa a fili yake. Gilashin halitta da aka cire mai kauri ne, sabon kuwa siriri ne, don haka jakar tana da sarari, tana sakwa-sakwa. A cikin makonni sai fuskar jakar da bayanta su haɗe su kama gilashin, kamar ɗanyar fata da aka ɗaure wa ganga, tana bushewa tana ɗamewa. Da zarar ta kama, da wuya ya sake motsi sai in an sami bugu mai ƙarfi.

Abubuwan da ke sa wani ido ya fi wani saurin juyawa:

1. Tsawon ƙwayar ido. Ido na yau da kullum tsawonsa kamar milimita 23 zuwa 24 ne. Masu matsalar rashin ganin nesa mai tsanani idonsu ya fi haka tsawo, jakarsu ta fi faɗi, gilashi yana samun filin yawo.

2. Ragowar ruwan aiki. Likita yana cika ido da wani ruwa mai yauƙi don ya kare shi lokacin aiki. In ya yi saura a bayan gilashin, gilashin yana iya sulɓewa a kansa.

3. Ƙofar da aka huda. In tana ɗiga, ko aka danne ido ruwan ciki ya fita, ido ya yi laushi, gilashi yana iya gusawa.

4. Raunin zarurrukan da ke riƙe jaka, saboda tsohon bugu ko wata larura ta tsufa. A irin wannan hali likita yakan sa wani ɗan zobe a cikin jakar don ya miƙar da ita.

5. Irin robar gilashin da ƙirar hannuwansa. Wani ya fi wani kamu.

Ka ga ke nan yawancin dalilan suna ga halittar ido da yadda aikin ya gudana. Wanda gilashinsa ya juya kar 'yan gida su hau shi da faɗa wai shi ya jawo. Amma kai ma kana da naka rabo, ga shi.

NAKA RABON A MAKONNIN FARKO

Bayan an fito da kai, ka samu wuri ka natsu awa ɗaya ko fiye. Kar ka sauko daga gado ka haye babur ka bi hanya mai gargada.

Kar ka murza ido, kar ka danna shi, ko da yana ƙaiƙayi. Hawaye in ya zubo, ka share shi a kumatu da tsumma mai tsabta.

Murfin robar da aka ba ka, ka ɗaura shi duk lokacin barci har kwanakin da likita ya faɗa. Mutum a cikin barci bai san inda hannunsa yake zuwa ba. Kar ka kwanta rub da ciki ko ka danne gefen da aka yi wa aiki.

Jikoki ƙanana a ɗan ja su nesa da fuskar kaka. Yatsa ɗaya na wasa ya isa.

A bar ɗaukar kaya mai nauyi, da jan guga, da daka, da faskare. Uwargida ta huta da hura wuta da shara. In hunturu ne ko lokacin iska, a sa baƙin tabarau in za a fita saboda ƙura.

Maganin ɗigawa a bi shi kan lokaci, a wanke hannu, kar bakin kwalba ya taɓa ido, kar kuma a ara wa wani.

Yanzu ga maganar da ta shafi sana'armu, kuma ina so a ji ta da kyau. Idon da aka yi wa aiki yana da ƙofa da ba ta gama rufewa ba. Kar a sa masa zuma, kar a sa man habbatus sauda, kar a sa man zaitun, kar a sa tozali ko kwalli, kar a wanke shi da ruwan rubutu ko jiƙon ganye, balle nonon mai shayarwa ko ruwan albasa. Duk abin da bai fito daga hannun likitan da ya yi aikin ba, kar ya shiga. Ƙwayar cuta in ta bi wannan ƙofa, cikin kwana biyu tana iya cinye ido gaba ɗaya. Zuma a sha ta a baki, mai ciwon sukari kuma ya yi hattara da ita. Addu'a a yi ta, ba sai an tofa a cikin ido ba.

SALLAH, ALWALA DA AZUMI

Likitoci da yawa sukan hana sunkuyar da kai ƙasa na 'yan kwanaki. Ka tambayi naka likita ƙarara: kwana nawa zan yi kafin in koma sujada? Abin da ya faɗa shi za ka bi. A cikin waɗannan kwanaki sai ka yi nuni da ruku'u da sujada, nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Kar ka ji nauyi a zuciyarka. Malaman Malikiyya sun tattauna wannan mas'ala tun zamanin da ake aikin ido da allura, tana cikin Mukhtasar na Shehu Khalil: ya halatta mutum ya yi aikin ido ko da zai kai shi ga yin sallah a zaune.

Wajen alwala kar ruwa ya shiga idon. A wanke inda ruwa ba zai cutar ba, a yi shafa a kan bandeji ko murfin. In hakan ma zai cutar, akwai taimama. Wanka kuma daga wuya zuwa ƙasa, kai a bi shi da dabara.

Wanda aikinsa ya faɗo a watan azumi, kar ya tsallake maganin rana. Malamai sun yi saɓani kan abin da aka ɗiga a ido ya kai maƙogwaro, don haka ka tambayi malamin da kake bi. Ga kuma dabara: bayan ka ɗiga, rufe idon, ka ɗora yatsa a hankali a lungun ido ta gefen hanci, a kan ƙashi, na minti ɗaya zuwa biyu. Wannan yana tare hanyar da magani ke bi ya sauka maƙogwaro. Ka nemi ma'aikacin jinya ya nuna maka daidai wurin don kar ka danni ƙwayar idon.

YADDA ZA KA GANE YA JUYA

Juyawar gilashi ba ta da zafi, kuma ba za ka gan ta a madubi ba. Alamarta a gani take: ana sa ran gani ya riƙa washewa kullum, sai ya tsaya ko ya koma baya, inuwar haruffa ta dawo, fitilu su sake jan jela.

Ga gwaji mai sauƙi. Zaɓi kalanda ɗaya a bango, ka tsaya a wuri ɗaya kowace safiya, ka tare ɗaya idon da tafin hannu, ka duba layin da kake iya karantawa. In yau ya fi jiya, alhamdu lillahi. In yana raguwa, sai asibiti. Dishi-dishin kwana biyu ko uku na farko yakan zo daga kumburin koniya ko bushewar ido, don haka likita ne mai rarrabewa. Zai ɗiga maka maganin buɗe ɗan tsakiyar ido, ya duba ɗigo-ɗigon gilashin da na'ura, ya gwada da layin da aka nufa.

Amma waɗannan alamu ba a kwana da su: zafi mai tsanani, ja da ke ƙaruwa, ruwa kamar mugunya, gani ya faɗi farat ɗaya, walƙiya a cikin ido, ko wani abu kamar labule yana rufowa. Wannan ba maganar juyawa ba ce, maganar ceton ido ce. A tafi a ranar, ko dare ne.

IN YA JUYA, AKWAI GYARA

Hankalinku ya kwanta, ba kasafai ake kaiwa ga sake aiki ba. Wani bincike da aka yi a Japan aka buga a 2018 ya bi idanu 6,431 da aka dasa wa torik, 42 ne kacal aka sake shiga don a mayar da gilashin kan layi. Bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Binciken ya kuma nuna waɗanda aka gyara bayan mako guda sun fi zama daidai a kan waɗanda aka yi gaggawar gyarawa, domin jakar da ba ta fara kamawa ba tana iya barin gilashin ya sake sulɓewa.

To amma jinkiri ma yana da nasa haɗari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka bar wata da watanni, jakar ta ƙanƙame, juya gilashin ya zama aiki mai wuya, ana iya yaga jakar ko a tsinka zarurrukanta. Shi ya sa likitoci suka fi son yin gyaran bayan mako na farko, a cikin 'yan makonnin da ke biye. Aikin gajere ne, sau da yawa ta tsohuwar ƙofar ake bi.

In kaucewar kaɗan ce kuma kana gani yadda ya ishe ka, ana iya barinsa, a ba ka tabarau marar ƙarfi. In lokaci ya ƙure, akwai tabarau, akwai gyaran koniya da leza, akwai canza gilashin. Abu ɗaya kuma: bayan watanni ko shekaru bayan jakar yakan yi hazo, a huda shi da leza cikin 'yan mintoci. In kana zargin gilashinka ba ya kan layi, ka faɗa kafin a yi wannan hudar, domin bayanta taɓa gilashin ya fi haɗari.

KAFIN KA BIYA KUƊI

Ka tambayi likita: nawa ne karkatar idona, kuma ta kai a sa torik? In kaɗan ce, gilashi na gama-gari ya wadatar. Wanda aka yi wa aiki da na gama-gari ya sa tabarau daga baya bai yi asara ba, hanya ce mai kyau da miliyoyin mutane suke gani da ita.

Ka tambaya ko karkatarka mai tsari ce. Wanda hakiya ko tabo ya ɓata wa koniya, torik ba lallai ya yi masa amfani ba. Mai tsokar nan da ke tsirowa daga farin ido tana hawa baƙi, wadda ta yi yawa a ƙasarmu ta rana da ƙura, ita kanta tana jan koniya ta karkata. A fara cire ta, ido ya huce, sannan a yi awo.

Ka karɓi katin gilashinka da takardar aiki mai nuna sunan gilashin, ƙarfinsa da layin da aka saita shi. Ka adana su tare da takardun gida.

Masu fita waje, ku saurara. Kar a yi aiki yau a hau jirgi jibi ba tare da shiri ba. Ko dai ku tsaya a duba ku bayan mako guda, ko ku shirya da likitan ido a gida tun kafin tafiya. Muna da wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano. Da takardarka a hannu, likitan gida zai san layin da zai duba. Haka mai niyyar Umara ko Hajji kar ya sa aikin dab da tafiya.

Matasa da ake dasa wa gilashi a gaban na halitta don su rabu da tabarau, in nasu mai gyara karkata ne, wannan lissafin agogo ya hau kansu su ma.

Sai gargaɗi na ƙarshe game da masu yawo ƙauye-ƙauye suna kwantar da yana da tsinke. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano fiye da huɗu cikin goma na idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanya aka bi, kuma yawancinsu ba su sami ganin kirki ba. Mai tsinke yana tsinka zarurrukan ne ya tura yanar da jakarta can cikin ido. Jakar da gilashi zai zauna a ciki ta tafi ke nan.

Don haka maigida, in an yi wa mahaifiyarka ko matarka wannan aiki, ka rubuta ranakun komawa asibiti ka liƙa a bango: washegari, bayan mako guda, da bayan wata guda, ko yadda likita ya tsara. Ko ta ce tana gani garau, a kai ta. Kuɗin motar wannan rana bai kai ko kusa da kuɗin gilashin ba.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya kare mana ji da gani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi na gida da na asibiti. A tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda ake shirin yi wa aiki a wannan mako.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.